Me Ya Sa Ake Gane Hoton Kwamfuta Da Kallo Ɗaya?

Tambaya: Malam, ina koyon haɗa hotuna da Blender. Na gina falo, na zuba kujeru da tebur da fitilu, na bar kwamfuta ta kwana tana renda, wato tana lissafin haske don fitar da hoton, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce, "Ai wannan na kwamfuta ne." In na tambaye shi ta ina ya gane, ba ya iya faɗa. Alhali akwai hotunan da ni kaina na rantse kyamara ce ta ɗauka, daga baya na ji ashe haɗi ne. Wai me ido yake dubawa?

Amsa: Ƙanena, mutanen da suka kalli falonka ba da falon gaske suka gwada shi ba. Da hotunan falo suka gwada shi, dubban hotunan da suka taɓa gani a waya da talabijin da kalanda da albam ɗin biki. Kai kana ta fama ka kwaikwayi duniya, mai kallo kuma sawun kyamara yake nema. In bai ga sawun ba, ransa zai ƙi hoton tun kafin ya san dalili. Kusan duk sana'ar nan a kan wannan ɗan bambanci take tsaye.

Kasa faɗin dalilin da suka yi kuma haka gani yake aiki a wurin kowa. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi babban aikinsa a Alƙahira, ya bayyana a Kitabul Manazir cewa haske daga abubuwa yake tahowa ya shiga ido. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ya ƙara da cewa gane abu hukunci ne da hankali yake yankewa, ta hanyar kwatanta abin da ido ya kawo da abin da aka saba gani, kuma saboda saurinsa mutum ba ya jin ya yi wani kwatance. Sama da shekara 800 bayansa Hermann von Helmholtz na Jamus ya sake faɗin kusan wannan magana. Dubi ɗan canji a Wapa: ana miƙa masa jabun dala zai ture ta gefe, in ka tsare shi da tambaya sai ya yi jim kafin ya lalubo maka dalili. Hukuncin ya riga bayanin zuwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, mu kuma aikinmu mu gano da me yake kimantawa.

A 2003 James Ferwerda, wani mai bincike a jami'ar Cornell ta Amurka, ya raba kama da gaske gida uku. Akwai hoton da zai aiko wa ido ainihin hasken da wurin yake aikowa. Akwai wanda zai sa ido ya amsa kamar yadda zai amsa wa wurin, irin yadda hoton kyamara mai kyau yake yi. Akwai kuma wanda bayani kawai yake bayarwa, kamar zanen da ke nuna wa makanike yadda ake kwance inji. Na farkon babu allon da zai iya shi. Da tsakar rana a fili haske yana kaiwa lux 100,000 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), a ofis mai fitila kuwa 300 zuwa 500 ne, kuma ranar da ke cikin allon wayarka ba za ta taɓa sa ka runtse ido ba. Na biyun muke nema ke nan.

A Cornell ɗin nan dai aka yi gwajin da ya kamata duk mai koyo ya sani. A 1984 sun gina akwati na gaske, suka shafa wa bangayensa fenti kala daban-daban, suka auna haskensa, sannan suka sa kwamfuta ta lissafa yadda jan bango yake zuba ɗan ja a kan abin da ke kusa da shi. A 1986 Gary Meyer da Holly Rushmeier da abokan aikinsu suka jera akwatin da hotonsa na kwamfuta, suka kira mutane su nuna wanne ne na gaske. Kusan rabi suka nuna ba daidai ba, wato daidai da canki-canka. Amma lura da sharaɗin da aka gindaya: ta cikin kyamara aka sa su leƙa duka biyun. Sai da aka mayar da akwatin gaske ya zama hoto kafin kwamfuta ta iya yin kunnen doki da shi.

To mene ne sawun kyamara? Gazawarta ce. Kwamfuta in an bar ta da halinta komai tar take fitarwa, daga ƙafar kujerar da ke gabanka har labulen da ke can ƙurya, kuma babu kyamarar da ke gani haka. Gilashin kyamara tazara ɗaya yake kamawa sosai, abin da ke gaba da baya su yi ɗan dishi-dishi. Fim yana tafiya da firam 24, wato hotuna 24, a daƙiƙa, ƙyauren kyamara yana buɗe wajen kashi 1 cikin 48 na daƙiƙa a kowane firam, don haka hannun da ke motsi ba ya fita da kaifi, jan zare yake yi. A 1984 Robert Cook da Thomas Porter da Loren Carpenter na kamfanin Lucasfilm sun fito da hanyar lissafin da za ta sa kwamfuta ta samar da wannan dishi-dishin, a zamanin da kowane minti na lissafi kuɗi ne masu yawa. Suka kashe ƙarfin na'ura don su rage wa hoto kaifi, saboda sun gane kaifin ne yake tona shi.

Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce abin da ya faru a 2012, da Peter Jackson ya fitar da fim ɗin The Hobbit a firam 48. A lissafi wannan ya fi kusa da yadda ido yake ganin motsi. Amma masu kallo da yawa suka yi ƙorafin cewa abin ya koma kamar wasan dandamali, ana ganin kayan ado a matsayin kayan ado. An matsa kusa da duniya, sai aka yi nisa da abin da mutane suka saba kira fim, kuma abin da aka saba ne ya yi hukunci.

Koma falonka ka duba taga. Ina kyautata zaton ana ganin cikin ɗakin sarai, ana kuma ganin shuɗin sama ta tagar sarai. Kyamara ba ta cika iya haɗa biyun ba: in ta kama ɗaki, taga za ta ƙone ta yi fari fat, in ta kama waje, ɗaki zai yi duhu, kuma a cikin duhun za a ga yashi-yashi. Wayoyin yanzu suna haɗa hotuna da dama don su rage wannan, shi ma yana da nasa kamannin da ido ya fara sabawa da shi. Duba kuma inda ka ajiye kyamararka. Masu koyo suna son su liƙa ta a can kusurwar silin, ko su ratsa bango da ita, wurin da ɗan Adam ba zai tsaya ba. Sauko da ita tsayin ƙirji ko ido, ka ba ta gilashi irin wanda ake sayarwa, milimita 24 ko 35 ko 50. Sannan kada ka taɓa tsarin launin da Blender take zuwa da shi sai ka san abin da kake yi. Tun sigar 4.0 ta 2023 AgX ne, kuma aikinsa shi ne ya sa wuri mai tsananin haske ya tafi zuwa fari a hankali kamar yadda fim yake yi. Gargaɗi ɗaya: waɗannan gazawar gishiri ne. Na ga ayyuka da yawa da aka cika musu dishi-dishi da yashi har suka zama wani irin jabu na daban.

Lissafin haske kansa ba shi ne matsalarka ba, don an gama maka shi tun kafin a haife ka. Turner Whitted ya nuna bin sawun haske a 1980, James Kajiya na Caltech ya rubuta lissafin da ya tattara duk yawon haske a layi ɗaya a 1986, kuma Cycles, injin renda da kake amfani da shi, wanda ya shigo Blender a 2011, a kan wannan hanya yake tafiya. In ka ba shi gaskiya zai mayar maka da gaskiya. Abin da muke ba shi ne yake ƙarya.

Ɗauki launi. Babu farin fenti da yake mayar da duk hasken da ya sauka a kansa. Mai kyau yana mayar da wajen kashi 80 cikin 100. Gawayi ma ba baƙi ƙirin ba ne, yana mayar da wajen kashi 4. Mai koyo zai sa bango fari har ƙarshen ma'auni, ya sa kujera ja har ƙarshen ma'auni, sai haske ya yi ta yawo a ɗakin ba ya mutuwa, komai ya yi kamar roba. Ɗauki kaifi. A duniya babu bakin tebur da ya kai kaifin da kwamfuta take yankawa. Kafinta ya goge shi, fenti ya kwanta a kansa, hannu ya cinye shi. Wannan ɗan lanƙwasar ita ce take kama haske ta ja siririn layi mai ƙyalli, kuma da layin ido yake karanta siffar abu. Bevel kawai, wato wannan ɗan lanƙwasa bakin abu, na milimita 1 ko 2, yana gyara hoto fiye da kwana guda na renda. Ɗauki sheƙi. Augustin Fresnel na Faransa ya nuna tun ƙarni na 19 cewa yawan hasken da abu yake mayarwa ya danganta da kusurwar da ka kalle shi. Ruwa in ka leƙa shi daga sama kashi 2 kawai yake mayarwa, shi ya sa kake ganin gindin bokiti. In ka hange shi daga gefe ya zama madubi. Daɓen siminti ma haka yake: tsuguna ka kalle shi ta wajen ƙofa da yamma za ka ga yana ƙyalli. Komai yana da sheƙi, har tabarma da bulo.

Abin mamaki shi ne ido ba ya bin komai da kulawa iri ɗaya, kuma an gwada wannan. A 2001 Paul Rademacher da abokan aikinsa, ciki har da Whitted, sun nuna wa mutane hotunan 'yan abubuwa masu sauƙi suna tambaya ko na gaske ne. Abu biyu suka fi motsa amsar: laushin bakin inuwa, da kaushin jikin abu. Inuwa mai kaifi da jiki mai santsi suna sa a ce jabu. Yawan kayan da ke cikin hoton da yawan fitilu kuwa ba su yi wani tasiri ba. Ka ga ƙara kujeru da fulawa ba zai cece ka ba. A 2005 kuma Yuri Ostrovsky da Patrick Cavanagh da Pawan Sinha suka nuna cewa mutane ba su da saurin gane abin da aka haska daga wani ɓangare daban da na sauran abubuwan da ke hoton. Ido yana yafe kuskuren da a ilimin haske babba ne. Wanda ba ya yafewa shi ne ɗan duhun nan da ke daidai inda ƙafar kujera ta taɓa ƙasa. In babu shi kujerar tana shawagi, kuma yaro ma zai ji wani abu bai zauna ba.

Sai datti, inda nake ganin an fi yin kuskure bayan an ji shawarar "ka sa datti". Mutum zai ɗauko hoton tsatsa da ƙura ya shafe ko'ina daidai wa daida. Dattin gaske yana da tarihi. Bango yana baƙi a kewayen makunnin wuta saboda hannu. Hannun kujera ya fi bayanta gogewa. Tayil ya dusashe a hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa kujerar maigida, ya kuma rage sheƙi a inda ake ajiye buta. Ƙura tana kwanciya a saman fuka-fukan fanka da saman firam ɗin hoto, ba a gefensu ba. Mai kallo ba zai lissafa waɗannan ba, amma da su yake jin an taɓa zama a ɗakin.

Haske ma yana da gari. A 1998 Paul Debevec ya nuna yadda za a ɗauki hoton ƙwallo mai madubi a matakan haske daban-daban, a kama duk hasken da ke kewaye da wuri, sannan a haska abin kwamfuta da shi. Shi ya sa a wurin ɗaukar manyan fina-finai za ka ga wani yana riƙe da ƙwallo mai ƙyalli da wata mai ruwan toka. Hotunan hasken da kake saukewa kyauta a intanet 'ya'yan wannan dabara ne, amma da yawansu a Turai da makamantanta aka ɗauke su: shuɗin sama garau, ƙasa koriya. In ka haska gidan Kano ko Damagaram da su, ɗan garin zai ji baƙunta ko da bai san sunanta ba. Hasken hunturu daban ne. Sama fari-fari ce, inuwa ba ta da kaifi, gini mai nisan 'yan ɗaruruwan mita ya fara ɓacewa cikin hazo, jar ƙasa kuma tana mayar da ɗumi a ƙarƙashin rufi da haɓar mutum. Ka ɗauki naka hasken a tsakar gidanku.

Game da hotunan da suka yaudare ka, suna da yawa fiye da yadda kake zato. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA a Swidin ya sa hoton kujera ta kwamfuta a kundin tallarsa na 2006, ba wanda ya lura. Zuwa 2014 kamfanin ya ce wajen kashi 75 na hotunan kayansa ɗai-ɗai kwamfuta ce take yin su. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne sun sa masu haɗa hoto sun koyi ɗaukar hoto, masu ɗaukar hoto kuma sun koyi haɗawa. Wannan yana nuna wani abu game da hukuncin jama'a: in ka ji ana cewa aikin kwamfuta a fim ba ya kyau, waɗanda suka gaza kaɗai ake ƙirgawa. Wanda ya yi nasara ba a ganinsa balle a yaba masa.

Fuska kuwa wata duniya ce, kuma ina roƙonka kada ka yi gaggawar shigarta. A 1970 Masahiro Mori, masanin mutum-mutumi a Tokyo, ya yi hasashen cewa yayin da abu yake ƙara kama da mutum muna ƙara sakin jiki da shi, har sai ya zo dab da kama, sai kwatsam ya koma abin tsoro, kamar gawa mai motsi. Dalilin yana cikin kanmu. Nancy Kanwisher da abokan aikinta sun nuna a 1997 cewa akwai wani yanki a ƙwaƙwalwa da ya fi amsa wa fuskoki fiye da sauran abubuwa. Tun muna goye muke karatun fuska, don mu san wa ke fushi, wa ke ciwo, wa ke ɓoye magana. Kuskuren milimita 1 a ƙafar tebur ba komai ba ne, a fatar ido kuwa yana canja mutum.

Kunna tocila ka rufe ta da yatsunka a duhu, za ka ga sun yi ja. Haske yana shiga fata, ya yi yawo a cikin nama da jini, ya fito ta wani wuri. Kafin a iya lissafa wannan, fuskokin kwamfuta kamar fentin siminti suke. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Stanford suka fito da hanya mai sauƙin aiki, kuma cikin 'yan shekaru ta shiga fina-finai. Shekara guda kafin nan Debevec ya gina wata na'ura da ke haska fuskar mutum daga kusurwoyi masu yawa tana ɗaukar yadda fatar take amsawa. Duk da haka fata ce mai sauƙin. Ido ne mai wuya: jiƙaƙƙe ne, yana da ɗan ruwa a inda ya haɗu da fatar ƙasa, kuma ba ya tsayawa, yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau 3 a daƙiƙa, shi yake fara juyawa kafin kai ya bi. Duchenne, likita a Faransa, ya rubuta tun 1862 cewa murmushin gaske yana motsa naman da ke kewaye da ido, na dole kuma a baki yake tsayawa. A ganina abin da ke firgita mai kallo shi ne rashin daidaito: fata ta kai matuƙa, ido bai kai ba, ko fuska ta kai, motsi bai kai ba. Shi ya sa zanen katun mai manyan idanu ba ya damun kowa, don bai yi alkawarin da zai kasa cikawa ba.

Akwai wani ɓangare na wannan da ya shafe mu kai tsaye, kuma yana ci mini rai. Theodore Kim, malami a jami'ar Yale wanda ya taɓa aiki a kamfanin fina-finan katun na Pixar, ya ja hankali tun 2020 cewa binciken fata a wannan fanni kusan duk a kan farar fata aka gina shi. Yawon haske a ƙarƙashin fata da aka ɗauka shi ne sirrin fatar ɗan Adam ya fi bayyana a fata mai haske. A tamu fatar, sinadarin melanin da ke saman fata yana shanye kaso mai yawa na hasken kafin ya nutsa, don haka sheƙin da ke sama, na maiƙo da gumi, shi ne yake zana goshi da kumatu da karan hanci. In ka ɗauko fatar da aka shirya wa Bature ka rage mata haske kawai, abin da za ka samu toka ce ko roba. Dole ka gina sheƙin da kansa, ka kula da ja ko shuɗin da ke kwance ƙarƙashin launin, ka tuna tafin hannu ya fi bayansa haske. Gashi ma haka: fitaccen lissafin gashi na 2003 bai taɓo yadda gashi mai murɗewa sosai yake dunƙulewa ba, a 2024 kuwa Kim da A.M. Darke da abokan aikinsu suka fitar da aiki na musamman a kan irin gashinmu.

Wannan gibi ne, amma kuma dama ce gare ka. Mai kallo gwani ne a kan abin da ya saba da shi kaɗai. Ɗan Landan zai iya karɓar babbar rigar da aka yi da sheƙin leda, Bahaushe ba zai karɓa ba, don ya san yadda shadda take ƙyalli bayan ta sha bugu, ya san yadda take karyewa a kafaɗa, ya san yadda lalle yake dusashewa daga bakin yatsa bayan mako biyu. Babu wani a Kalifoniya da zai zo ya auna mana waɗannan. In ba irinku kuka zauna kuka yi ba, haka za a ci gaba da zana mu da kayan aron da ba su dace da mu ba.

Hotunan ƙirƙirarriyar basira kuma ta wata hanya suka biyo, shi ya sa suka fi saurin yaudara. Ba sa lissafin haske ko kaɗan. Daga tarin hotunan kyamara suka koya, don haka sawun kyamarar da kake wahalar sakawa su kyauta suka same shi. A 2022 Sophie Nightingale ta jami'ar Lancaster da Hany Farid na Berkeley sun nuna wa mutane fuskokin gaske da waɗanda manhajar ƙirƙirar fuska ta StyleGAN2 ta haɗa. Masu kallo sun dace da kashi 48.2 cikin 100, ƙasa da rabi. Waɗanda aka koya wa alamu aka kuma riƙa gaya musu in sun yi kuskure, kashi 59 kawai suka kai. Har ma an ɗan fi amincewa da fuskokin jabun. A 2023 masu bincike a Ostireliya, Elizabeth Miller da Amy Dawel da abokan aikinsu, suka samu cewa fararen fuskokin jabu an fi cewa su ne mutane fiye da mutanen gaske, kuma waɗanda suka fi yin kuskure su ne suka fi tabbacin amsarsu. Ba a ga wannan fifikon a fuskokin da ba farare ba, kuma masu binciken sun danganta hakan da cewa fararen fuskoki ne suka fi yawa a hotunan da na'urar ta koya.

Rauninsu kishiyar naka ne. Cycles ba zai taɓa kuskuren inda inuwa za ta faɗi ba, amma zai ba ka jiki mai santsin roba. Ƙirƙirarriyar basira za ta ba ka fata har da ƙuraje, sannan ta iya karkata layin gini ko ta sa madubi ya nuna abin da ba ya gabansa, wato daidai irin kuskuren da aka nuna ido yana yafewa. Farid yana kama irin wannan da abin ja layi: ka haɗa kowane wuri a jikin inuwa da wurin da ya haifar da shi a jikin abu, layukan dole su haɗu a wuri ɗaya in fitila ɗaya ce. Ido tsirara ba ya wannan aikin. Hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi mai kumburi, wanda aka yi da manhajar ƙirƙirar hoto ta Midjourney a Maris 2023, ya zaga duniya duk da hannun da ke riƙe da kofi bai fita daidai ba, saboda a ƙaramin allo aka gan shi, ana cikin wucewa. In hoto ya bi ta WhatsApp an matse shi, 'yan alamun da suka rage ma sun goge. Don haka in maganar labari ce, wa ya ɗauka, a ina, yaushe, sun fi abin da idonka ya gaya maka nauyi.

Akwai kuma abin da ya ɓata gwajinka tun farko: duk waɗanda ka nuna wa sun san kana koyon Blender. Sun zo da amsarsu a aljihu. A gwajin Rademacher ma an samu hotunan kyamara na gaske da mutane suka ce jabu ne, don kawai inuwarsu ta yi kaifi ko jikin abin ya yi santsi. Wanda aka ce ya nemo aibi zai samu, ko a hoton gaske.

Ga abin da nake so ka yi. Ajiye falon tukuna. Ɗora kofin shayi da cokali a kan tebur kusa da taga, ka ɗauka da wayarka, ka rubuta lokacin, ka auna tazarar wayar da tsayinta da faɗin tagar. Gina wannan kaɗai a Blender, ka daidaita kyamarar har layuka su hau kan juna. Jera su biyun, ka cire musu launi su koma baƙi da fari, don launi yana ɓoye kuskuren haske. Duba inda ya fi duhu da inda ya fi haske a kowanne, da faɗin bakin inuwa. In sun yi kusa, sai ka haɗa hotuna goma, biyar na waya biyar naka, duk girmansu ɗaya, ka ba wani ya tura wa mutanen da ba su san aikinka ba. Su kalli kowanne daƙiƙa biyu su ce na gaske ko haɗi. Wanda ya ce haɗi, kada a tambaye shi dalili, don zai ƙirƙiro. A tambaye shi ina idonsa ya fara sauka, ka je ka binciki wurin. Ranar da amsoshinsu suka koma rabi da rabi, ka ƙara abu ɗaya a teburin, kamar burodi ko ledar suga, ka sake gwajin. Burodi zai koya maka yawon haske a cikin abu, leda ta koya maka sheƙi, kuma su biyun za ka bukata kafin ka taɓa fatar mutum.